JAGORANCIN ILIMI A ƘARAMAR HUKUMA: DAGA GOBARAU ZUWA OFISHIN SAKATAREN ILIMI

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya shigo kwalejin ilimi, galibi hankalinsa yakan tsaya ne a kan aji da allo da alli. Hakan kuwa daidai ne, domin a can ne aikin malami yake farawa. Sai dai akwai wasu tambayoyi da suka shafi ajin, amma ba a cikinsa ake amsa su ba. Wa ke yanke shawarar a tura malam wane ƙauye kaza, a bar malama wance a cikin gari? Wa ke cewa a fara gyara rufin wannan makaranta kafin na waccan? In aka kawo littattafai ɗari biyar, makarantu kuma suka kai sittin, wa zai raba, kuma da wane ma'auni? Amsar waɗannan tambayoyi tana ofishin Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma, inda Sakataren Ilimi yake shugabanci. Wannan babi zai yi bayanin asalin wannan aiki a ƙasar Katsina, da matakan da malami yake takawa kafin ya kai gare shi, da kuma nauyin da ke rataye a wuyan wanda ya riƙe shi.

2.0 Wa ke Riƙe da Makaranta Kafin Zuwan Boko?

Hasumiyar Gobarau da ke tsakiyar birnin Katsina gini ne na ƙasa mai tsayin kusan mita 15. Tarihin baka ya danganta gina masallacin da take jikinsa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, a ƙarni na 15, kuma an ce wurin ya haɗa salla da karatu. A ƙarshen wannan ƙarni ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya ziyarci Kano da Katsina. Daga baya birnin ya fitar da malamai irin su Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani (1595-1667), da kuma Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1741.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan ilimi ya bunƙasa ba tare da ma'aikata ko albashi ko rajista ba. Malami ya buɗe zaurensa, almajirai su zo. Sarki ya ba malamai mafaka da kyauta, attajirai su fitar da zakka, iyaye su ba da kuɗin Laraba, matan unguwa su ɗauki nauyin tuwon almajiri. Wato al'umma ita ce mai makaranta, ita ce kuma mai duba ta. Malamin da bai iya ba, ba sai an rubuto masa takardar kora ba: zaurensa ne zai wayi gari babu kowa. Wannan tsari yana da nasa rauni, domin babu wanda aka ɗora wa alhakin ya ƙirga yaran da ba su zuwa ko'ina. Amma yana da wani ƙarfi wanda makarantar boko ta daɗe tana nema ba ta samu ba, wato jama'a su ji cewa makarantar tasu ce.

3.0 Yadda Hukumar Ilimi ta Samo Asali

Da Turawa suka kafa mulki, sai makarantar boko ta shigo ta hannun hukuma. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. A Katsina kuwa, an fara karatu a Kwalejin Horon Malamai a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906-1944). Ita ce aka mayar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Ya kamata ɗalibin kwalejin ilimi ya riƙe wannan: Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Abubakar Imam, duk horon malanta aka yi masu a Katsina, kuma duk sun tsaya gaban allo kafin su riƙe wani muƙami.

Makarantun elementare na wancan zamani En'e ce ke riƙe da su. Ita ke gina aji, ta biya malami daga baitulmali, ta kuma umarci hakimai da dagatai su kawo yara. A nan ne matsalar rashin daidaito ta fara yin saiwa. Makarantun ba su da yawa, kuma akasari a garuruwan hakimai suke. Talakawa da dama sun ɗauki kamun yaro zuwa boko tamkar wani nau'in haraji, har wasu kan ɓoye 'ya'yansu in suka ji ana tafe. Wasu masu sarauta kuma sukan miƙa 'ya'yan barorinsu a maimakon nasu. Ilimin 'ya'ya mata ya zo a makare ƙwarai. Sai wajen 1930 aka buɗe masu makaranta a Kano da Katsina, kuma ta Katsina ta tsaya ne da goyon bayan Sarki Dikko.

Idan ana neman misalin mutumin da ya bi matakan wannan aiki tun daga aji har ƙololuwa, to Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina (1912-1994), ya isa misali. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina, ya yi aikin rediyo a Ankara ta ƙasar Gana lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya yi aiki da En'e ta Katsina, ya kuma ƙaro ilimin mulki a Exeter ta Ingila. Ya riƙe muƙamin Ministan Ilimi na Jihar Arewa daga 1957 zuwa 1966. A zamaninsa ne aka gayyato wani jami'in ilimi daga Ingila, H. Oldman, ya binciki yadda ake tafiyar da firamare a Arewa. Rahotonsa na 1961 shi ya haifi Dokar Ilimi ta 1962, wadda ta tanadi kafa hukumomin ilimi na yankuna domin su haɗa makarantun En'e da na ƙungiyoyin sa-kai a ƙarƙashin tsari guda. Ana iya cewa daga nan ne ofishin da muke magana a kansa ya samo asali. Kwalejin Ilimi ta jiha da ke Dutsin-ma sunan Isa Kaita take ɗauke da shi.

Bayan haka firamare ta sha sauyin hannu. A 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, a shekarar da aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3. Aka rasa azuzuwa, aka rasa malamai, aka shiga horon gaggawa. Doka ta 31 ta 1988 ta kafa hukumar firamare ta ƙasa. Doka ta 3 ta 1991 ta rushe ta, ta mayar da komai hannun ƙananan hukumomi, abin da ya jawo malamai suka yi watanni ba albashi a wurare da yawa. Doka ta 96 ta 1993 ta sake dawo da hukumar ta ƙasa, tare da hukumomin jihohi da na ƙananan hukumomi. A ranar 30 ga Satumba, 1999, aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka kuma yi masa doka a 2004. Wannan doka ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafin gine-gine. Ita ce kuma ta tsara hawa uku: hukumar UBEC a Abuja, hukumar SUBEB a kowace jiha, da Hukumar Ilimi a kowace ƙaramar hukuma. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, tana da ƙananan hukumomi 34.

4.0 Matakan Aiki da Ayyukan Sakataren Ilimi

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Mai takardar NCE yakan fara a matakin albashi na 07, ya yi rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993. Daga malamin aji sai mataimakin hedimasta, sai hedimasta, sai mai duba makarantun wani yanki, sai shugaban wani sashe a ofishin hukumar, kamar sashen harkokin makarantu, ko na ma'aikata, ko na tsare-tsare da ƙididdiga, ko na wayar da kan jama'a. Mafi yawan masu hawa wannan tsani sukan ƙaro digiri a kan hanya. Dokar ƙasa ta 2022 ta ɗaga lokacin ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 da kama aiki, ga jihohin da suka aiwatar da ita.

Ayyukan Sakataren Ilimi sun haɗa da tura malamai makarantu da yi masu canjin wuri, da shirya takardun albashi da na ƙarin girma, da gudanar da ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, da rarraba kayan aiki, da kai rahoton gine-ginen da suka lalace, da ladabtar da wanda ya saɓa. A takarda abin kamar mai sauƙi. A aikace kuwa, mutum ne da ke tsakanin iyayen gida biyu. Hukumar SUBEB ce ke ba shi umarnin aiki, amma tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi hannu a harkar firamare, kuma daga kasonsu ne aka saba cire albashin malamai. Saboda haka shugaban ƙaramar hukuma yana da ta cewa, kansiloli suna da tasu, hakimi yana da tasa, ƙungiyar malamai ta NUT ma haka. Ba a ɓoye yake ba cewa siyasa takan shiga cikin naɗin Sakatare a jihohi da dama. Wanda ya hau kujerar ta wannan ƙofa, zai sha wuya kafin ya iya cewa a'a ga wanda ya buɗe masa ita.

Daga cikin ayyukan nan, ƙidaya ce aka fi rainawa, alhali ita ce uwa. Hedimastan da ya ƙara yara hamsin a rajista don a ƙaro masa littattafai, ya zalunci wata makaranta da ta faɗi gaskiya. Sunan malamin da ya rasu ko ya bar aiki, in aka bar shi a takardar albashi, ya cinye gurbin wani mai NCE da ke zaune a gida. Shi ya sa ake so ɗalibi ya koyi cika rajistar aji da littafin tarihin makaranta tun lokacin gwajin koyarwa, kada ya ɗauke su aikin ɓata lokaci.

5.0 Raba Daidai da Raba Adalci

Akwai bambanci tsakanin a raba daidai da a raba bisa adalci, kuma a kan wannan bambanci ne ake gane shugaban ilimi na ƙwarai. A ɗauka an ba wata hukuma sababbin malamai 20, tana da makarantu 20. Raba daidai shi ne kowace makaranta ta sami ɗaya. To, amma idan makarantar cikin gari tana da malamai 30 a kan yara 900, ta ƙauye kuma malamai 2 a kan yara 300, ma'ana malami ɗaya yana fama da yara 30 a can, 150 a nan. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Adalci ke nan a hana ta cikin gari ko ɗaya, a kai ƙauye. Faɗin haka ba wuya. Wuyar tana zuwa ne ranar da aka liƙa takardar turi, manya suka fara aiko da saƙo cewa wance matar wane ce, wane kuma ɗan gidan wane ne, a taimaka a bar su a gari. Sau da yawa matsalar ƙaramar hukuma ba ƙarancin malamai kaɗai ba ce, har da cunkushewarsu wuri guda.

Ilimin 'ya'ya mata shi ne fagen da aka fi zuba ƙarfi a Katsina cikin shekaru ashirin da suka shige. Shirin Ilimin 'Ya'ya Mata, wanda gwamnatin Nijeriya da UNICEF da hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya suka fara wajen 2005, Katsina tana cikinsa tun daga farko, kuma zangonsa na uku ya gudana daga 2012 zuwa 2022. Abin da ya fi shafar mai karatun wannan babi a cikin shirin shi ne tallafin da aka fara a 2008 na ɗaukar 'yan mata daga karkara, a biya masu karatun NCE, bisa alkawarin za su koma garuruwansu su koyar. Hikimar a fili take. Uba a ƙauye ya fi sakin jiki ya bar 'yarsa da ta fara girma ta je makarantar da akwai malama, musamman in malamar 'yar garin ce, an san iyayenta. Amma tallafin karatu rabin aiki ne. Idan yarinyar ta gama, hukuma ba ta ɗauke ta aiki ba, ko ta ɗauke ta amma ta tura ta birni, an yi tufka da warwara. A 2020 kuma aka amince da shirin AGILE na Bankin Duniya don 'yan matan sakandare, Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko.

Dole kuma shugaba ya san dalilin da ke hana yarinya zuwa makaranta a yankinsa, kada ya tsaya kan cewa iyaye ba su waye ba. Wata talla ce ke riƙe ta, domin da ribar tallar uwa take tara kayan ɗaki. Wata nisan hanya ne. Wata kuwa rashin makewayi ne a makarantar, abin da yarinya ba za ta iya buɗe baki ta faɗa wa hedimasta ba. Kowace cuta da maganinta. Dokar 2004 ta tanadi gargaɗi da tara, har da ɗauri, ga uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta, amma a ganin wannan marubuci, kai uba kotu alhali ajin da za a kai yaron ba rufi ba malami, ba adalci ba ne.

Sauran rukunonin da ake mantawa da su sun haɗa da 'ya'yan Fulani makiyaya, waɗanda aka kafa wa hukumar ilimi ta musamman a 1989, da masu buƙata ta musamman, waɗanda jiha ta tanadar wa makarantar makafi a Katsina da ta kurame a Malumfashi. Makarantu biyu ba za su ɗauke nauyin ƙananan hukumomi 34 ba, don haka yaron da ke tafiya da keke ko sanda, firamaren unguwarsu ce ya kamata ta karɓe shi. Sai kuma almajirai. An buɗe makarantar tsangaya ta zamani a Gagi ta Sakkwato a 2012, aka kuma yi dokar kafa hukumar almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta a 2023. Jami'in da zai shiga tsangaya ya tuna da tarihin Gobarau: ba wurin jahilai ya zo ba, wurin magadan tsohuwar makarantar ƙasar nan ya zo. In ya shiga da raini, alaramma zai yi masa maraba da baki, ya sallame shi hannu wofi.

Rashin tsaro ya ƙaro wani sabon nau'in rashin daidaito. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kusan mako guda. A ƙananan hukumomin da ke bakin daji, irin su Jibiya da Batsari da Safana da Faskari, an sami lokutan da makarantun ƙauyuka suka rufe, jama'a suka yi gudun hijira zuwa garuruwa. Sakataren yankin da aka gudu daga gare shi yana da malamai ba yara. Na yankin da aka gudo wa kuma yana da yaran da ba su cikin rajistarsa, ba su kuma zo da takardar canjin makaranta ba. Karɓar irin waɗannan yara ba tare da ɗora masu sharuɗɗan da ba za su iya cikawa ba, yana daga cikin abin da ake nufi da adalci a yau.

6.0 Hidimar Al'umma

Tun wajen 2006 aka umarci makarantu su kafa kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC. Ya bambanta da ƙungiyar iyaye da malamai, domin ya haɗa da mai unguwa ko dagaci, da liman, da wakilan mata, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai, har da wakilan yaran kansu. Manufar ita ce a dawo da abin nan da aka rasa tun zamanin kamun yara, wato jin cewa makaranta ta jama'a ce ba ta gwamnati kaɗai ba. Inda kwamitin yake da rai, za a ga an yi gayya an ɗaga katangar da damina ta kayar, mata sun bi gida-gida suna tambayar dalilin da ya sa wance ta daina zuwa, malamin da ya saba fashin ranar kasuwa ya shiga taitayinsa. Inda kuwa hedimasta ya zauna shi kaɗai ya rubuta sunayen abokansa ya aika ofis, kwamitin a takarda zai mutu.

Wannan ba sabon abu ba ne ga Katsinawa. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, wani ɗan Katsina, Malam Ahmadu Coomassie, yana cikin jagororin ilimin manya a Jihar Arewa. An buɗe azuzuwan yamma a ƙauyuka, Hukumar NORLA ta Zariya ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, ta lardin Katsina sunanta Himma. Da Hausa aka yi wannan yaƙi, kuma a nan ne malamin Hausa yake da gurbi na musamman a aikin jagoranci. Takardun da ke fitowa daga Abuja da hedikwatar jiha da Ingilishi suke zuwa, mutanen da ake so su yi aiki da su kuwa Hausa suke ji. Wani ne zai fassara jagoran kwamiti ba tare da ya karkatar da ma'ana ba, ya rubuta bayanin taro da daidaitacciyar Hausa yadda za a karanta wa kowa a zama na gaba, ya tsara sanarwar ɗaukar sababbin yara da liman zai faɗa bayan sallar Juma'a ko sanƙira ya yi shela a kasuwa. A ƙauyukan da dattawa suka fi sabawa da ajami, sanarwar da aka rubuta da boko da ajami a takarda guda takan sami masu karatu fiye da wadda aka rubuta da boko zalla. Haka kuma lissafin kuɗin da aka tara na gyaran aji, in aka rubuta shi da Hausa aka liƙa a ƙofar ofishin hedimasta, wanda ya ba da naira ɗari zai iya tsayawa ya ga inda ta shiga.